Asmawu mai wagashi da ragunan suna biyu

Duk wanda ya taɓa cin wagashi, cukun nonon shanu, a Nyohini ya san Asmawu, ita ce mai jan moto, wato babur, da kwanon nan a baya, kullum da safe tana zuwa bayan Gurugu wajen masu shanu ta ɗauko nono, kafin ta karɓa sai ta ɗiga a farcenta ta gani, in ya gangara ta ce an zuba ruwa, ta tada moto ta yi gaba. Ba ta yarda da baki koraa, ko kaɗan, sai abin da idonta ya gani. 'Ya'yanta uku, duk sai da ta kai ranar haihuwa tana kan moto.

Cikin na huɗu ne ya zo daban. Wata uku amma kamar wata shida, ga amai, ko warin mai ba ta iya ji. Uwar mijinta da kowa ke kira Mma ta duba cikin sau ɗaya ta ce tagwaye ne, mijin kuma Mutaru mai walda bai tambayi kowa ba ya je ya sayo raguna biyu ya ɗaure a gindin mangwaro.

Sai jini ya fara zuwa. A asibiti aka yi sikan, likita ya juyo mata talabijin ɗin, ta ce ina kan yaron, ya ce babu yaro, mahaifa ce ta tsiro ƙuraje kamar ƙwan kwaɗo. Aka wanke cikin. Wata nas mai suna Rauda ta zaunar da ita ta ce, “Anti Asmawu ki ji ni, wani lokaci abin nan yana tafiya shi kenan, wani lokaci ya bar saiwa ya zama kansa. Jini ne kawai zai faɗa mana. Ki dinga zuwa muna ɗiba, kuma kar ki ɗau ciki sai mun ce.”

Ta je sau biyu, sannan ta tafi gidan uwarta a Kasalgu ta huta. Wata biyu amai bai tsaya ba, sai ta sayi abin gwajin fitsari a kemis. Layi biyu. Ta sake saya. Layi biyu. Kuma tun wankin ko hannun Mutaru ba ta taɓa ba.

Mma ta zo har Kasalgu a yelo-yelo mai ƙafa uku ta ce, “Ban faɗa ba? Ɗaya suka wanke, ɗayan ya ɓuya ya kwanta. Ciki yana barci, ni na san wadda nata ya yi shekara biyu. Kar ki koma su wanke mana shi.”

Mutaru ya ƙara wa raguna dusa.

Asmawu ta daina zuwa asibiti, Rauda ta kira ta kira ba a ɗauka, rana ɗaya dai Asmawu ta ɗauka tana tsammani mai sayen wagashi ne. Rauda ta ce saiwar nan ma tana ba da layi biyu, in aka bar ta har huhu take zuwa. Asmawu ta ce ita ta ga layi da idonta. Rauda ta ce, “Layi kika gani, Anti. Kin ga yaro?”

Gaskiya ne, Asmawu ba ta gani ba.

Washegari ta goya Mma a moto, tsohuwa tana riƙe da mayafinta tana cewa a hankali akwai jikana a ciki. Aka yi sikan su biyu suna kallo. Mma ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta ce, “Likita, ina ya kwanta?” Likita ya zagaya ko'ina, babu kowa, sai wani ɗan tabo a bangon mahaifa, lambar gwajin jinin kuma ta hau sama paa. Mma ta gyara mayafi ta ce, “To a yi mata allurar.”

Allura yau, hutu gobe, haka aka yi ta yi wata huɗu, bakinta ya yi ƙuraje ta daina cin barkono, amma ba ta yi fashin ko rana ɗaya ba, har takardar jinin take cewa a nuna mata ta ga lambar tana sauka da idonta. Ranar da Rauda ta ce lambar ta sauka ƙasa, ta tsaya a kemis ta sayi abin gwaji. Layi ɗaya. Ta shiga gida tana guɗa, maƙwabta suka fito suna tambaya namiji ne ko mace.

Mutaru ya yanka rago ɗaya aka yi sadaka. Ɗayan yana nan gindin mangwaro, Rauda ta ce a jira shekara kafin wani ciki, shi ma yana jira, ya yi ƙiba har ba ya iya tashi sai an ɗaga shi.