Ranar da Muryar Uwar Amada Ta Dushe

Shekara da shekaru ina kiɗan ƙwarya a bayan wata tsohuwa, uwar amadarmu ta Gumel. Masifaffiya ce ta gaske. In ɗayarmu ta saɓa kiɗa ba ta magana, kafaɗar hagu kawai take ɗagawa, mai laifi ta san ta shiga uku.

Wata rana muka je wani biki a Maigatari, tsakar gida cike da mata har daga Nijar, sai muryarta ta dushe, ko sallama ba ta fita. Na ce, "Inna, mu ba su haƙuri mu koma."

Ta harare ni, ta nuna mini tsakiyar fili da ludayin kiɗa. Ni da ban taɓa ba da waƙa ba! Haka na fara. Da kafaɗa take shigo da masu amshi, in na yi sauri ta sauke tafin hannu. Kafin in farga mata sun cika fili da rawa.

A mota na yi ajiyar zuciya, ina jiran yabo. Ta matso kusa da kunnena ta raɗa mini, "Kin riga kiɗa a waƙar ƙarshe."

Wallahi ban taɓa shan faɗa mai daɗin wannan ba.