Yadin da Ya Sha Wanki

Iya Mai Keke ta tsufa a kan keken ɗinkinta, a wani shago da bai fi ɗakin girki faɗi ba. Da keken nan ta ciyar da 'ya'ya, da shi ta yi jinyar mijinta lokacin da gigin tsufa ya kama shi, har ya rasu yana gaishe ta kamar baƙuwa.

Shi ya sa ranar da ta birkice shago tana neman almakashi, alhali yana kan cinyarta, babban ɗanta ya tsorata. Ya kwashe ta sai asibiti. Aka yi mata hoton kai, likita ya yi mata tambayoyi har ta gaji.

Likita ya ce ƙwaƙwalwar ta ɗan tsuke. Ɗan bai jira ƙarshen magana ba.

"Shi ke nan, Iya. Ki ba ni makullin shago, ki huta."

"Rufe mini baki, sarkin gaggawa. Likita, wace irin tsukewa? Yadi in ya sha wanki yakan tsuke, amma riga tana nan riga. Wanda asu ya ci kuwa, duk huji ne, allura ba ta kama shi. Tawa wacce ce?"

Likita ya yi dariya. "Ta wanki ce, Iya. Duk wanda ya daɗe a duniya tasa takan ragu. Amsoshinki lafiya lau. Amma ki riƙa zuwa muna dubawa."

A hanya ɗan ya yi ƙasa da murya. "Baba ma da mantuwa ya fara."

Iya ta girgiza kai.

"Ubanka ba inda ya ajiye cokali ya manta ba. Cokalin na hannunsa yake tambayata na mene ne."

Da suka isa shago ta yanki dogon ƙyalle, ta ɗaure almakashin a ƙafar keke, ta ja ƙullin da ƙarfi.

"Ranar da ka tarar ina kallon abin nan ban san aikinsa ba, ɗauki makulli, kada ma ka nemi izinina. Kafin nan yana ƙuguna."

Ta zauna, ta ɗora ƙafa a kan feda, ta ƙare wa ɗan nata kallo.

"Gobe ka aiko da wandon nan in buɗa shi. Tumbinka dai ya ƙi tsukewa."