Littafin Baba a Hannun Garba Tsawa

Ringim

Biyar da rabi, ana sallame Asuba na fita. Abin da ya tashe ni hira ce a rediyo. An tambayi Garba Tsawa, shahararren mai sharhin dambe, littafin da ya fi so, ya ce wani kundin kirarin 'yan dambe na ajami, wai ko barci ba ya raba su. Kundin mahaifina ne, rubutun hannunsa. Aron sati ɗaya ya karɓa, har Baba ya rasu bai dawo da shi ba. Inna ta ce in karɓo mata.

Gezawa

Bakwai da kwata aka tare mu a shinge. Direba ya ji inda za ni, ya hau yabon Garba, wai ilimi ne da shi kamar teku. Ilimin ubana! Na haɗiye ƙosaina da ƙyar.

Kabara

Da muka iso Kano, daga 'Yankaba na hau adaidaita, tara saura na shiga lungun su Garba. Na tarar da shi a zaure da 'yan dambe huɗu, ana shan kunu. Ya rungume ni, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, har da share ido. Da na ambaci littafi sai ya hau tari.

Ya shiga ciki ya fito da bango. Bango fa, da warƙa uku a ciki!

"Malam Garba, ina sauran?"

Ya ce yaran nan ne suka matsa. Sun ga ajami, sun ɗauka asiri ne, shi kuma bai so ya kashe musu gwiwa. Duk mai babban wasa sai ya yago masa warƙa ɗaya ya naɗe a damtse. Wani ƙato ya ɗaga hannu yana murmushi, wai da rubutun Baba ya kayar da mutum biyu.

Shekara talatin Baba yana bin fage yana rubutawa, gumi ya cinye. Garba ya ce in kwantar da hankali, ai duk ya haddace. Na ce to ya haddace mini hannun Baba. Kunun ma ban taɓa ba.

Gida

La'asar na iso lafiya, Alhamdulillahi. Na miƙa wa Inna bangon, na kasa kallonta. Ba ta iya karatu ba, amma ta daɗe tana shafa warƙoƙin nan uku.

Ta ce, "Ka ga harafin wawunsa mai doguwar jela? Shi ne. Allah ya yi maka albarka."