Ranar da Aka Cinye Dambun Malam

Ko zan manta komai na zaman karatuna a Ƙaura, ba zan manta ranar da aka cinye dambun Malaminmu na lissafi ba.

Na koma makaranta ne ina da 'ya'ya biyu, daga Zurmi nake zuwa, kuma kusan na girmi kowa a ajin. Sauran darussa ina taɓukawa, amma aljabra ta gagare ni. Da na ga haruffa sun cuɗanya da lambobi sai kaina ya ɗauki zafi. Na riga na faɗi sau ɗaya, na kuma gaya wa maigidana cewa idan na sake faɗuwa zan tattara in dawo gida.

Malamin dattijo ne mutumin Shinkafi, siriri, mai son raha. Shi a wurinsa x ba harafi ba ne, ɓarawo ne da ya rufe fuska. Yakan ce mu kore abokansa ɗaya bayan ɗaya zuwa wancan gefen, idan ya rage shi kaɗai dole ya faɗi sunansa.

Wata Laraba muka shigo aji muka tarar da kular abincinsa a buɗe kan tebur, wayam, ga sawun takalmi an zana da alli daga ƙofa. Ya tsaya ya ɗaure fuska.

"Wa yac ci min dambu?" in ji shi. "Uwargida ta tashi tun da asuba ta yi shi. Ba mai hita sai an kama ɓarawo!"

Muka fashe da dariya. Ya zagaya da hula cike da ƙananan takardu, kowa ya ɗauki lamba, shi ma ya ɗauki tasa ya sa a aljihu. Sannan ya cika allo da abin da ya kira bayanin shaidu. Kowace shaida lissafi ce, amsar wannan ita ke buɗe ta gaba, ta ƙarshe kuma za ta fitar da lambar ɓarawon. Hukuncinsa sharar aji.

Akwai wani saurayi da ya fi kowa kai a ajinmu. Nan da nan ya miƙe ya ce, "Malam, biyu ce!" Tunda shi ya faɗa, kowa ya bi. Aka duba, lamba biyu na hannun wani ɗalibi mutumin Jangeru, ɗan gidan makiyaya, mai kunya, wanda ko gaisuwa a hankali yake yi. Aji ya kaure da ihu, ana buga tebur ana "Ɓarawo! Ɓarawo!"

Ni ma da farko na yi dariya. Amma da na waiga na ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya mini. Murmushin dole yake yi, idanunsa sun kaɗa. Duk wanda ya san halin da yankinmu ya shiga a shekarun nan ya san wannan kalma ba ta da daɗin ji ga irinsa, ko da wasa. Malam ma ya lura, ya ɗaga hannu yana son tsawatarwa, hayaniya ta fi ƙarfinsa.

Ban san lokacin da na sunkuya kan takardata ba. A karon farko ban ji tsoron haruffan ba, haushi nake ji. Na bi layi-layi, har na zo na ƙarshe: a ninka lambar ɓarawo biyu, a cire takwas, saura sha biyu. Nan na ga ɓarnar. An tsallakar da takwas ɗin wancan gefen ba a juya alamarta ba. Na gyara, sai ga goma.

Na miƙe. "Malam, ba shi ba ne. Goma ce."

"Zo ki nuna muna, Hajiya."

Na karɓi alli na nuna. Aka shiga neman mai lamba goma, babu. Sai Malam ya sa hannu a aljihu a hankali, ya fito da takardarsa ya ɗaga.

"Yunwa ce tak kama ni," in ji shi.

Dariyar da aka yi har malaman maƙwabtan aji sai da suka leƙo. Da ta lafa, Malam ya taka har kujerar ɗan Jangeru ya kama hannunsa. "Ka yahe muna, ɗana. Wasan nawa ne, ban so ya kai nan ba." Ya sa duk wanda ya buga tebur ya nemi afuwa. Bayan haka ya ɗauki tsintsiya da kansa. Muna ƙoƙarin karɓa yana hanawa, wai hukunci hukunci ne. Ɗan Jangerun ne kawai ya iya ƙwace ta, yana dariya har da hawaye.

Na ci jarrabawar a shekarar, yau ni ma koyarwa nake yi. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kada yawan masu faɗin magana ya sa in ɗauke ta gaskiya. Kafin in ɗora wa mutum laifi, sai na koma na duba da kaina, domin kuskure ɗan ƙarami ya isa ya sa a zubar da mutuncin wanda bai ci komai ba.