Ruwan da Ya Riga Mu Zuwa Yankari

Fita daga Yelwa

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, muka bar Yelwa zuwa Yankari a motar Malam Sale da na ɗauko shata. Baffa, yayan mahaifina, yana gaba. Likita ya ce idonsa ba zai kai baɗi ba, shi kuwa burinsa ya ga giwa kafin nan.

Shi ya zaɓi ranar, a tsakiyar bazara. Tsohon makiyayi ne, lissafinsa kuma shi ne sai ƙoramu sun ƙafe namun daji ke taruwa a kogin Gaji. Na ce wayata ta nuna hadari.

"Shamuwa ta zo ne?" in ji shi. "Gawo ya zubar da ganye? To, ajiye wayar nan."

Na ajiye, amma raina bai kwanta ba.

Dindima

Bakwai saura kwata muka tsaya shan shayi. Sai na ga kwatami cike da ruwa.

"Kwana uku ke nan ana tafka shi," in ji mai shayi. "Bana kam ya yi sammako."

Baffa ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Ni kuwa na ture ƙosaina na miƙe. A hanya na azalzali Malam Sale ya ƙara gudu har ya ce, "Ranka ya daɗe, mota ce, ba jirgi ba."

Cikin daji

Ƙarfe goma muka shiga motar zagaye. Daji ya yi kore shar, ko'ina tabki. Mai rakiya ya ce giwa ba ta da dalilin zuwa kogi yanzu, su ma masu rakiya sun daina ce wa baƙi ga watan da ya fi dacewa a zo. Awa uku muna yawo, sai gwaggon biri da mugun dawa. Haushi ya ishe ni, na rasa wanda zan ɗora wa.

A bakin Gaji mai rakiya ya nuna mana sawun giwa a taɓo. Baffa ya durƙusa, ya shafa shi da tafin hannu, ya daɗe a haka.

Gida

Biyar da rabi muka iso. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa Malam Sale da alheri, da ya jure mitata.

Na ce, "Baffa, baɗi za mu koma da wuri."

"Ku koma," in ji shi, yana lalubar ƙofa. "Ka duba da kyau, ka zo ka ba ni labari."