Zagayen da Ya Raba Yaya Lawali da Aikinsa

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Lawali makwancinsa a Bukkuyum, kuma har yau idan na ji ƙugin jirgi sai raina ya ɓaci kafin in tuna in yi masa addu'a. Shi ne babban wanmu, ni ne auta. Ya tuƙa ƙananan jiragen haya na wani kamfani, irin masu ɗaukar mutum huɗu ko biyar, ni kuwa na tsaya a koyarwa a Gummi.

Ba ya son hira a kan tashi sama. Ya ce tashi kowa ma ya iya, sauka ce aiki. Idan ya zo hutu muna zaune ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, sai ya zana titin jirgi a ƙasa da tsinke. A ƙaramin filin jirgi da babu hasumiyar kula da sauka da tashi, in ji shi, ba ka tunkarar titi kai tsaye don kawai ka hango shi. Tun daga nesa za ka faɗi ta rediyo ko wane ne kai da inda kake. Sai ka bi ta saman filin, sama da inda sauran jirage ke zagayawa, ka duba ƙyallen da aka rataya a sanda don ka ga inda iska ta dosa. Ka fita gefe ka rage tsayi, sannan ka shigo layi a karkace, yadda za ka ga kowa, kowa ya gan ka. Ka bi gefen titi iska na bayanka, ka juya hagu, ka sake juyawa, ka sauka kana fuskantar iska. Wanda ka tarar a layi ya riga ka, ko da kuwa sarki ka ɗauko.

Wannan ƙa'ida ce ta raba shi da aikinsa. Wata rana ya ɗauko wani babban mutum da muƙarrabansa biyu, sun makara zuwa wani taro. Da titi ya bayyana, mutumin ya ce ya miƙe ya sauka. Yaya ya yi kira ta rediyo, babu amsa, amma ya ce shiru ba ya nufin babu kowa. Ya bi ta sama ya fara zagayensa, mutumin na ta faɗa a bayansa. Suna karkatowa sai ga jirgin feshin tsuntsayen jan-baki a ƙasa-ƙasa, ya doshi titi, rediyonsa ya lalace. Da Yaya ya miƙe, da hancin jirginsa ya tare masa ganin wancan, da sun yi karo a bakin titi.

Sun sauka lafiya. Mutumin bai ce ya gode ba. Ya kai ƙara cewa matuƙin ya yi masa taurin kai a gaban yaransa. Kamfanin bai kore shi da baki ba, sai aka daina sa sunansa a jerin masu tashi, wata biyu, wata biyar, har ya gane ya tattaro kayansa ya dawo gida.

Ina wurin ranar da Inna ta tare shi da maganar.

“Lawali, mi ya hana ka bi maganatai? Da yanzu kana bakin aikinka.”

Ya ce, “Inna, da na bi, da yanzu gaisuwata kike amsa.”

Ba ta sake tayar da zancen ba. Ya koma noman gero da wake a gonarmu ta hanyar Nasarawa Burkullu. Ya rubuta takardun neman aiki har ya gaji. Hawan jini ya kama shi, ya kwanta bayan girbi, bai tashi ba.

An ce gaskiya dokin ƙarfe ce. Ni dai na ga ta kayar da mahayinta, kuma wannan ne ke ci mini rai. Ranar kasuwar Bukkuyum nakan tsaya a mararraba in ga 'yan kabu-kabu na faɗawa titi ba duba ba, bas na tsayawa a tsakiyar hanya, wanda ya jira kuma a danna masa oda a kira shi sakarai. A asibitin Anka na ga mai babbar riga ya tsallake layin mata masu goyo, ma'aikaci na yi masa barka da zuwa. Me Yaya zai yi? Zai tsaya a ƙarshen layi, mu kuwa mu yi ta jin haushinsa kamar yadda muka ji a lokacin, domin ni ma, Allah Ya yafe mini, na taɓa ce masa ya cika tsauri.

Bai bar gida a birni ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba. Abin da ya bari mutane ne: uku da ya ɗauko, da matuƙin jirgin feshi. Sun koma gidajensu a ranar da ƙafafunsu, wataƙila yanzu sun ga jikoki. A cikinsu babu wanda ya zo mana gaisuwa. Allah Ya sani, Shi ya ishe shi. Ya Ubangiji Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya mini zuciya, don har yanzu ban huce ba.