Albarushin da Ba Ya Hayaƙi

Ina tsakiyar cin shinkafa a wata rumfar abinci a Kampung Baru Baba ya kira ni. A gida sun idar da sallar asuba ke nan, mu kuwa a Kuala Lumpur azahar ta kusa. Lokacin ina digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai, kuma Baba bai cika kirana da kansa ba, sai dai Inna ta miƙa masa wayar. Da na ga lambarsa sai na ɗauka ba lafiya ba.

"Uwata, kin tashi lafiya?" Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa gare ni.

Muka gaisa. Daga jin muryarsa na san ba mutuwa aka yi ba, daɗi yake ji. Baba maharbi ne tun kafin a haife ni. Bindigarsa ta toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, kuma ta mahaifinsa ce. Da ita yake korar birai daga masara, wani lokaci ya shigo mana da zabin daji. Ni ce ke riƙe masa ɗan ƙahon da yake awon albarushi ina yarinya, don haka warin abin nan har yau yana hancina.

Ya ce wani abokin farautarsa ya ba shi sabon albarushi a kwalba, wai daga tsofaffin harsasan bindigar zamani aka zazzage shi. Ba ya hayaƙi, ba ya ɓata bututu. Ya gwada kaɗan a kan dutse, ya ci wuta a hankali kamar ba ya so.

"Lafiyayye ne, Uwata. Namu ma ya fi shi zafi. Jibi zan ɗura shi. Na ce bari in ji ta bakin 'yar boko."

Ba shawara yake nema ba, so yake in yaba. Na ajiye cokali.

Matsalar ita ce mu da Hausa duk albarushi muke ce musu, alhali abubuwa biyu ne da ba su haɗa dangi ba. Na gargajiya baƙi ne, halinsa a fili yake. Na zamani a sarari yakan yi sanyi-sanyi, amma da zarar an kulle shi a cikin ƙarfe ƙarfinsa ba na wasa ba ne, shi ya sa kowane iri da bindigar da aka ƙera dominsa. Bututun bindigar Baba maƙerin ƙauye ne ya yi shi. Ban yi shakka ko kaɗan ba: idan ya ɗura wannan abu, bindigar za ta tarwatse a hannunsa, kusa da fuskarsa.

Na faɗa masa haka, ba tare da kwana-kwana ba. Ya yi dariya.

"Ke da kike ƙasar da ko ɓera ba a harbi?"

Wannan kam gaskiyarsa ce. A nan harsashi ɗaya a aljihu ya isa ya kai mutum kurkuku, ga ni kuma ina ɗaga murya a kan bindiga a tsakiyar masu cin abinci. Sa'ata ɗaya babu Bahaushe a rumfar. Kafin in ba shi amsa katinsa ya ƙare.

Abokiyar karatuna, 'yar ƙasar, tana zaune a gabana tana kallona. Ta turo min farantina ta ce, "Makan, lah," wato in ci abinci. Na ce ba zan iya ba, na ba ta labari a taƙaice. Ta ce ai kakanta ma ya yi ta fama da aladun daji a gonar roba, kuma su a harshensu albarushi "ubat bedil" suke ce masa. Na tambaye ta ma'anar kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ubat magani, bedil bindiga.

Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya, domin na san maganar da Baba zai kawo min ke nan. Na sa aka ƙunsa min sauran abincin, na fita bakin titi inda ba hayaniya, na kira shi da kaina.

Ban yi kuskure ba. Ina sake ɗauko maganar ya ce, "Uwata, kin manta wane ne ubanki? Ni da na sha maganin bindiga tun ina saurayi?"

"Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, a nan albarushin kansa suke kira maganin bindiga. Wato kowace bindiga da nata maganin. Ka taɓa ba jariri maganin babba?"

Ya ce in daina yi masa wayon 'yan makaranta.

"To wanda ka sha ɗin, na harsashin da wani ya harbo maka ne. Wanda ya ba ka ya ce maka yana hana taka bindigar fashewa?"

"Bindigar nan ta girme ki. Ta girmi uwarki."

"Shi ya sa nake jin tsoro."

Na roƙe shi ya rabu da kwalbar, ya ƙi. Na ce zan haɗa shi da Inna, ya ce ita ma ai a gabanta yake magana. Raina ya ɓaci sosai, har hawaye suka zo min, amma na san Baba. Kuka ba ya juya shi, gardama kuma ƙara masa ƙarfi take. Taurin kan nan a wurinsa na gada, na san inda ake kama mai shi.

Na ce, "Baba, ni na ce za ta fashe, kai ka ce ba za ta fashe ba. In dole sai ka gwada, ka ɗaure ta a jikin bishiya a bayan gona inda ba kowa, ka sa doguwar igiya a kunamar, ka laɓe a bayan tudu. In ta tsira, ba zan ƙara sa baki a maganar bindiga ba har abada. Amma ina faɗa maka tun yanzu, za ka rasa ta."

"Maharbi ya ja kunama da igiya? Mutane su ce me?"

"Su ce tsoron 'yarsa yake, ba komai. Ka yi min alkawari."

Daga ƙarshe ya ce ya yi alkawari, don kawai ya rufe min baki. Baba bai taɓa karya min alkawari ba, amma kuma ban taɓa sa shi abin da yake ganin zubar da girma ne ba. Ranar da ya ce zai gwada na shiga ɗakin gwaji na kasa auna komai daidai, wayata na aljihu ina ta taɓa ta.

Ina cikin jirgin ƙasa wajen Titiwangsa kiran ya shigo. Na sauka a tashar ba tare da na yi niyya ba. Bai yi sallama da ƙarfinsa na kullum ba.

"Uwata, bindigar kakanki ta tafi. Bututun ya dare, ƙotar ma sai a cikin masara muka tsinto ta."

Na ji ciwon abin har raina, don na san me bindigar take a wurinsa. Amma ba ita na tambaya ba.

"Baba, hannunka fa?"

Na ji ya ja numfashi.

"Da shi nake riƙe da wayar."